Yadda ake gano abin da manhaja ta rubuta a cikin fayil

Ka danna maɓallin ajiyewa, manhajar ta ce ta ajiye, amma ba ka san inda ta kai bayanan ba, balle ka san me ta zuba. Ko kuma akwai wani fayil na saiti da kullum ka gyara shi, kafin gari ya waye ka tarar ya koma yadda yake, kuma ba ka san wa ke taɓa shi ba. Duk waɗannan suna da mafita, kuma ba sai kana da asalin rubutun manhajar a hannu ba.

Dalili shi ne babu manhajar da ke taɓa faifan ajiya da kanta. Duk wadda ke son rubutu sai ta miƙa buƙatarta ga kanel, wato zuciyar tsarin kwamfutar: buɗe min wannan fayil, zuba waɗannan bayit-bayit (ƙananan gutsattsarin bayani) a cikinsa, rufe shi. Kayan sa ido a wannan ƙofar suke zama, suna rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya roƙa. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba sa rarrabewa, kuma shi ke cinye musu lokaci: tambayar "ina aka rubuta" daban, tambayar "me aka rubuta" daban. Mafi yawan kayan aikin ta farkon kawai suke amsawa. Kaɗan ne ke nuna ainihin bayanan. Idan ka san wanne ne ke yin wanne, aikin ya zo da sauƙi.

Kafin komai, ka yi wannan a kan kwamfutarka ko wadda aka ba ka izinin dubawa. Abin da za ka gani yana iya haɗawa da kalmomin sirrin mutane.

Mataki na farko: shirya gwajin

Kada ka kunna sa ido ka tafi shan iska. Kwamfuta tana aika dubban buƙatu a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma rahoton minti goma ba mai iya karanta shi. Ka tsara aiki guda ɗaya tak da za ka yi: sauya saiti ɗaya, ko ajiye takarda ɗaya. Ka kunna sa ido gab da aikin, ka kashe da zarar ka gama.

Sannan ka ƙirƙiri kalmar alama, wadda ba za a same ta a ko'ina cikin kwamfutar ba, misali gwaji7391. Ka rubuta ta a inda manhajar ke karɓar rubutu, kamar gurbin suna. Daga baya ita za ka nema a cikin rahoton. A wurina wannan dabarar ta fi duk wani umarni da ke ƙasa amfani, domin tana mayar da layi dubu hamsin zuwa layi biyu ko uku. Ka bar ta a haruffan boko marasa lanƙwasa. Zan faɗi dalili a gaba.

Idan ka riga ka san foldar da abin ke faruwa, ka kwafe ta kafin ka fara:

cp -a ~/.config/manhaja /tmp/kafin

Mataki na biyu: ina ake rubutawa?

A Linux, hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar ka saka komai. Ka ƙirƙiri fayil maras komai a matsayin shaidar lokaci, ka yi aikinka a cikin manhajar, sannan ka nemi duk fayil ɗin da ya sauya bayan shaidar:

touch /tmp/alama
find ~ /tmp /var -xdev -type f -newer /tmp/alama 2>/dev/null

Sau da yawa nan aikin ke ƙarewa. Ka ga fayil ɗin, ka gwama shi da kwafin da ka ɗauka da diff -r, shi ke nan.

Idan manhajar tana kan aiki, ka nemi lambarta da pgrep, ka duba fayilolin da take riƙe da su yanzu. A ce lambar 4210 ce:

ls -l /proc/4210/fd
lsof -p 4210

Lambobin da za ka gani, 0, 1, 2, 3 zuwa sama, su ne lambobin riƙo. Idan manhaja ta buɗe fayil, kanel ba ya ci gaba da kiransa da suna, lamba yake ba ta. 0 ta shigar da bayani ce, 1 ta fitarwa, 2 ta saƙonnin kuskure, shi ya sa fayil na farko da aka buɗe yakan samu 3. Ka riƙe wannan, domin duk rahoton da ke tafe da waɗannan lambobi yake magana. Wani amfani na foldar /proc/4210/fd: idan manhaja ta buɗe fayil ta goge sunansa amma ba ta rufe shi ba, bayanan suna nan, kuma kana iya kwafe su da cp /proc/4210/fd/3 /tmp/ceto.

Idan kuma matsalarka ita ce ka san fayil ɗin amma ba ka san mai taɓa shi ba, inotifywait -m -r zai gaya maka lokacin da aka sauya shi, amma ba zai faɗi wanda ya sauya ba. Wanda ke faɗin suna shi ne fatrace, ko kuma auditd idan abin sai cikin dare yake faruwa:

sudo auditctl -w /etc/manhaja.conf -p wa -k farauta
sudo ausearch -k farauta -i

Ka saka layin farko ka kwanta, da safe layi na biyu ya ba ka sunan manhajar, lambarta, da mai asusun da ya kunna ta.

Mataki na uku: strace, mai nuna ainihin bayanan

A nan za mu daɗe. strace tsohon kayan aiki ne, Paul Kranenburg ya fara rubuta shi a 1991 domin SunOS, daga baya aka kawo shi Linux. Yana tsayar da manhaja a duk lokacin da ta kira kanel, ya rubuta abin da ta roƙa da amsar da ta samu, sannan ya sake ta. Tunda yana iya leƙa ƙwaƙwalwar manhajar a daidai wannan lokacin, yana ganin bayanan da take miƙawa.

Ka fara da zagaye na farko wanda sunayen fayiloli kawai zai nuna:

strace -f -o /tmp/rahoto1.txt -e trace=%file ./manhaja
grep -E 'O_WRONLY|O_RDWR|O_CREAT|rename' /tmp/rahoto1.txt

Kada ka taɓa barin -f. Manhajoji da yawa ba su ke rubutu da hannunsu ba, suna haifar wani ƙaramin aiki ko zare ya yi musu. In babu -f za ka sa ido a kan uwa alhali ɗa ne ke rubutun, rahoto ya fito fayau, ka ɗauka ba a rubuta komai ba. Shi kuma -o yana tura rahoton cikin fayil domin kada ya cakuɗe da abin da manhajar ke fitarwa a allo.

Zagaye na biyu shi ne na bayanan:

strace -f -y -tt -s 100000 -o /tmp/rahoto2.txt -e trace=openat,write,pwrite64,writev,pwritev,lseek,close,renameat,renameat2 ./manhaja

-y yana manna sunan fayil a jikin kowace lambar riƙo, ba sai ka yi ta komawa sama kana neman wane fayil ne 3 ba. -tt yana saka lokaci. Shi kuwa -s, shi ne inda kusan kowa ke yin tuntuɓe: in ba ka faɗa ba, strace haruffa 32 kacal yake nunawa daga kowane rubutu, ya yanke sauran ya saka ɗigo uku. Duk inda ka ga ɗigo ukun nan bayan alamar rufe zance, ka san an yanke, ka ƙara adadin.

Idan manhajar ta riga ta fara aiki, maimakon sunanta ka saka -p 4210 a ƙarshe. A Ubuntu da wasu 'yan uwansa za a hana ka ko da manhajar taka ce, saboda saitin da ke /proc/sys/kernel/yama/ptrace_scope yana kan 1. Ka sa sudo a gaba. Ya fi ka sauya saitin, domin an saka shi ne don kada wata muguwar manhaja ta leƙa ƙwaƙwalwar sauran. In ka gama, Ctrl+C zai cire strace ya bar manhajar tana ci gaba da aikinta.

Yanzu ka nemi kalmar alamarka:

grep gwaji7391 /tmp/rahoto2.txt

Za ka ga abu mai kama da wannan, na taƙaita layukan:

openat(AT_FDCWD, "/home/ni/.config/manhaja/saiti.tmp", O_WRONLY|O_CREAT|O_TRUNC, 0644) = 3
write(3</home/ni/.config/manhaja/saiti.tmp>, "suna=gwaji7391\nlauni=shudi\n", 27) = 27

Ka karanta shi a hankali. Layin farko ya ce a buɗe fayil domin rubutu, a ƙirƙire shi in babu, kuma O_TRUNC na nufin a share duk abin da ke ciki tukuna. Da O_APPEND ne a wurin, da ƙari za a yi a ƙarshensa. Layi na biyu ya ce an miƙa bayit 27, kuma lambar da ke bayan alamar daidai ta ce kanel ya karɓi 27. Waɗannan lambobi biyu ba dole su zo ɗaya ba. Kanel yana iya karɓar ƙasa da abin da aka ba shi, kuma wanda aka karɓa ne kaɗai ya shiga fayil. Idan ka ga -1 ENOSPC, faifai ya cika. -1 EACCES a layin buɗewa kuwa, babu izini. Na taɓa shafe yini ina neman inda wata manhaja ke ɓoye saitinta, ashe ba ta ajiye komai ba: an hana ta buɗe fayil ɗin, ta haɗiye kuskuren, ta ci gaba da nuna min cewa an ajiye. Layi ɗaya a rahoton strace ya tona abin.

Ka lura kuma sunan fayil ɗin saiti.tmp ne, ba saiti.conf da kake tsammani ba. Manhajar kirki ba ta rubutu kai tsaye a kan fayil mai muhimmanci. Takan zuba komai a fayil na wucin gadi, sannan ta sauya masa suna ya maye gurbin na asali, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu kada a rasa tsoho a rasa sabo. Saboda haka idan ka sa ido a kan sunan ƙarshe kawai, ba za ka ga rubutu ko ɗaya ba, sai layin sauya suna. Ka bi layin nan baya ka samo sunan wucin gadin. Wasu fayilolin ma ba na bayani ba ne sam. Manhajar gyaran rubutu ta Vim, alal misali, yakan ƙirƙiri fayil mai suna 4913 ya goge nan take, don kawai ya gwada ko yana da ikon rubutu a foldar.

Maganar haruffa masu lanƙwasa da na ajiye: strace ba ya nuna su yadda suke. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 bayit biyu ne, c6 da 99, kuma strace zai rubuta shi \306\231. Ƙaramin ɗ kuma \311\227. Rubutun bai lalace ba, lissafin takwas-takwas ne ake nuna maka. Amma da ka saka irinsu a kalmar alama, grep ba zai same ta ba.

Mataki na huɗu: fitar da bayanan bayit da bayit

Idan abin da aka rubuta ba rubutun karantawa ba ne, hoto ne ko wani tsari na manhajar kanta, to kana buƙatar cikakken zubi a lissafin heks, inda ake rubuta kowane bayit da alamomi biyu, kamar c6. Da zarar ka san sunan fayil ɗin:

strace -f -P /home/ni/bayanai.dat -e trace=write,writev -e write=all -o /tmp/zubi.txt ./manhaja

-P yana taƙaita sa idon ga wannan fayil kaɗai, kuma -e write=all yana zubo kowane bayit ba yankewa. Kana iya rubuta -e write=3 domin lambar riƙo ɗaya, amma ban cika son haka ba, saboda lambobin riƙo ana maimaita su. Da an rufe fayil, na gaba da aka buɗe zai gaji lambarsa, sai bayanan fayiloli uku su haɗu a wuri guda.

Layukan zubin suna farawa da tazara da sanda a tsaye, sai gurbi, wato lambar matsayin bayit ɗin farko na layin, sai bayit 16 a heks, sai fassararsu a haruffa. Kana iya sake gina abin da aka rubuta daga cikinsu:

grep '^ |' /tmp/zubi.txt | cut -c11-59 | xxd -r -p > /tmp/gini.bin

Ka buɗe zubin ka tabbatar heks ɗin daga harafi na 11 ya fara kafin ka yarda da sakamakon; in rubutu ɗaya ya yi girma sosai, gurbin yakan ƙara faɗi. Wannan hanya tana da daraja musamman ga fayil ɗin da ake rubutawa a goge cikin ƙiftawar ido. Fayil ya tafi, amma abin da ya ɗauka yana hannunka.

Sai dai jera rubuce-rubuce ɗaya bayan ɗaya yana ba da fayil daidai ne kawai idan manhajar daga farko zuwa ƙarshe ta rubuta. Idan ka ga lseek a rahoton, ko pwrite64 wanda lambarsa ta huɗu ita ce gurbin da za a zuba, to tsalle take yi a cikin fayil ɗin, tana iya ma rubutu sau biyu a wuri ɗaya. Rumbunan bayanai haka suke yi. A nan abin da aka rubuta da abin da ya rage a fayil ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata ka san wanne kake nema.

Idan rahoton bai nuna komai ba

Fayil ya sauya, amma babu layin rubutu. Kada ka yi saurin zargin strace, akwai dalilai sanannu.

Na farko jinkiri ne. Yawancin manhajoji ba sa kiran kanel a kan kowace kalma. Suna tara bayani a ƙwaƙwalwa har ya kai wani adadi, sau da yawa bayit 4096, ko sai an rufe fayil ko an fita daga manhajar, sannan su zuba gaba ɗaya. Ka rufe manhajar yadda ya kamata kafin ka kashe sa ido. Wannan tarin ma yana iya raba kalmar alamarka gida biyu, rabi a ƙarshen wani rubutu rabi a farkon na gaba, don haka in ba ka same ta ba ka nemi rabinta.

Na biyu mmap ne. Manhaja tana iya roƙon kanel ya shimfiɗa fayil a cikin ƙwaƙwalwarta. Daga nan duk abin da ta sauya a wannan yanki yana tafiya fayil ba tare da ta sake kiran kowa ba, saboda haka babu abin da strace zai kama. Ka ƙara mmap a jerin abin da kake bi, ka nemi layin da ke da PROT_WRITE da MAP_SHARED tare da sunan fayil ɗinka. In ka gan shi, to kwafin kafin da na bayan ne kaɗai za su taimake ka.

Na uku, bayanan ba su bi ta hannun manhajar ba. Da sendfile, splice ko copy_file_range, tana cewa kanel ya kwashe daga wannan fayil ya zuba a wancan, ita ba ta taɓa ko bayit ɗaya. Umarnin cp kansa haka yake yi tun fitowar coreutils 9.0 a 2021. Za ka ga tushe da adadi, sai ka je tushen ka karanta. Akwai kuma io_uring da ya shigo da Linux 5.1 a 2019, inda ake jera buƙatu a wani yankin ƙwaƙwalwa da manhaja da kanel suke tarayya a kai. Strace zai ga an ƙwanƙwasa ƙofa amma ba zai ga kayan ba.

Na ƙarshe, wata manhajar ce daban ke rubutun. Taka ta aika saƙo ta soket, wato hanyar da manhajoji ke magana da juna, zuwa wani aiki da ke gudana a bayan fage, shi ya ajiye. Ka koma ga fatrace ya ba ka sunansa.

Gargaɗi guda: strace yana rage gudun manhaja ƙwarai, domin a kowane kira sai ya tsayar da ita. Kada ka manna shi a rumbun bayanan da jama'a ke amfani da shi a lokacin. A irin wannan wuri kayan eBPF, kamar opensnoop da bpftrace, sun fi dacewa, tunda a cikin kanel suke aiki ba sa tsayar da kowa, duk da cewa ɗan yanki ne na bayanan suke iya nunawa a kowane rubutu.

A Windows: Process Monitor

Process Monitor na cikin kayan Sysinternals da Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka kafa, Microsoft ta saye su a 2006. Ya haɗa aikin tsofaffin Filemon da Regmon, kyauta ne, kuma ba ya buƙatar girkawa, sai dai izinin mai kula da kwamfuta.

Da ka buɗe shi zai fara kwararo da layuka. Ka danna Ctrl+E ka tsayar, Ctrl+X ka share, sannan Ctrl+L ka buɗe rariyar tacewa. Ka saka sharaɗi biyu: Process Name ya zama sunan manhajarka, Category kuma ya zama Write. Na fi son wannan a kan zaɓen WriteFile kaɗai, domin yana kamo rubutun rajista ma, wato ma'ajiyar saituka ta Windows. A jerin Filter ka kunna Drop Filtered Events, in ba haka ba zai ci gaba da tara abin da ka tace a ɓoye har ƙwaƙwalwa ta cika. Sai ka danna Ctrl+E, ka yi aikinka guda ɗaya, ka sake danna Ctrl+E. In babu abin da ya fito, Ctrl+T zai nuna bishiyar ayyuka, ka ga ko wani ɗa ne ya yi rubutun, ka ƙara shi a rariyar.

Ga gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu: Process Monitor ba ya nuna abin da aka rubuta a fayil. A layin WriteFile, sashen Detail zai ba ka Offset da Length, wato daga ina aka fara da kuma bayit nawa, amma bayanan kansu ba ya ajiye su. Na ga mutane suna ta laluben saitin da zai fito da su, babu shi. Inda yake nuna bayani shi ne rajista, a layin RegSetValue, kuma manhajojin Windows da yawa can suke ajiye saitinsu, ba a fayil ba.

Amma gurbi da tsawo sun isa, matuƙar fayil ɗin yana nan. A PowerShell 7:

Format-Hex -Path C:\bayanai\ajiya.dat -Offset 4096 -Count 512

Wannan zai nuna maka daidai yankin da aka taɓa. In kana da kwafin kafin, fc /b zai jera kowane bayit da ya sauya. Ka kula da layin da ya fara da SetRename, shi ne sauya sunan fayil na wucin gadi da muka yi magana. Ka kula kuma da hanyar da aka rubuta a sashen Path, ba wadda manhajar ta gaya maka ba: tsohuwar manhaja mai bit 32 da ta yi ƙoƙarin rubutu a Program Files ba tare da izini ba, Windows yakan karkatar da rubutun a asirce zuwa foldar VirtualStore da ke cikin AppData\Local. Fayil ɗin da aka shimfiɗa a ƙwaƙwalwa kuwa, rubutunsa yakan fito da sunan System, mai lamba 4, don haka in ka san fayil ɗin gara ka tace da Path maimakon sunan manhaja.

Idan fayil ɗin gogewa ake yi nan take, dole ka kama bayanan a hannun manhajar. API Monitor yana nuna abin da aka miƙa wa WriteFile. Da WinDbg kuma, kayan binciken cikin manhaja na Microsoft, a manhaja mai bit 64, adireshin bayanan yana cikin ƙaramar ma'ajiyar furosesa mai suna rdx, tsawonsu a r8:

bp KERNELBASE!WriteFile "db @rdx L?@r8d; gc"

Duk lokacin da aka zo rubutu zai zubo bayanan ya ci gaba. Zai haɗa da rubutun da ba na fayil ɗinka ba, sai ka daidaita tsawon da wanda Process Monitor ya nuna.

A macOS, sudo fs_usage -w -f filesys tare da sunan manhajar zai ba ka hanya da adadin bayit, ba bayanan ba. dtruss, takwaran strace, kariyar tsarin macOS mai suna SIP da ta zo da fitowar El Capitan a 2015 tana tauye shi. Ban ba ka shawarar kashe kariyar saboda wannan ba. Ka nemo fayil ɗin, ka gwama kafin da bayan.

Mataki na ƙarshe: fassara abin da ka samu

Bayit suna hannunka amma ba sa karantuwa. Ka fara da file /tmp/gini.bin, sannan xxd -l 64 ka dubi farkonsa. 1f 8b na nufin an matse da gzip. 50 4b 03 04, wato PK, zip ne, kuma takardun docx da xlsx duk zip ne a ciki. 89 50 4e 47 hoton PNG ne. Idan ka ga 00 tsakanin kowane harafi da na gaba, UTF-16 ne, wanda Windows ke yawan amfani da shi. Grep ba zai ga alamarka a ciki ba, sai ka yi amfani da strings -el.

Idan ya fara da SQLite format 3, ka daina karatun bayit. SQLite rumbun bayanai ne, shafi-shafi yake rubutu, yawanci bayit 4096 kowanne, ko da harafi ɗaya ka sauya, kuma sabon bayanin yana iya zama a fayil na gefe mai ƙarewa da -wal kafin ya shiga babban. Ka rufe manhajar, ka kwafe su tare, ka gwama kwafin kafin da na bayan da sqldiff, zai gaya maka layin da ya sauya a wane teburi.

Wanda ba shi da wata alama, kuma ko ka matse shi da gzip girmansa bai ragu ba, to ko dai an riga an matse shi ko an kulle shi da mabuɗin sirri. Ka ajiye abu ɗaya sau biyu ka gwama: in sakamakon ya bambanta gaba ɗaya, alama ce mai ƙarfi ta kullewa. A nan ƙofar kanel ba za ta ƙara maka komai ba, domin an kulle kafin a iso ta. Sai ka matsa ciki, ka tsayar da manhajar da gdb ko WinDbg a kan aikin da ke yin kullewar, ka karanta abin da aka ba shi.

In ka kammala, ka cire tarkon auditd da sudo auditctl -W /etc/manhaja.conf -p wa -k farauta, ka goge rahotannin da ka bari a /tmp. Rahoton da aka ɗauka da -s mai girma yana ɗauke da duk abin da manhajar ta rubuta, har wanda ta aika ta soket, kuma wasu masu asusu a kwamfutar suna iya karanta shi. In za ka tura wa wani ya taya ka dubawa, ka yanko layukan da suka shafi fayil ɗin kaɗai, ka karanta su da idonka kafin ka aika.